Kwanakin Sambuk: Manoman Arewacin Kano a Kan Bahar Maliya

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta a tsakiyar damina da wuya ya ga ko taku ɗaya na ƙasa da aka bari banza. Gero ya fid da kai, dawa na biye da shi, gyaɗa da wake sun shimfiɗu a ƙarƙashinsu. Gawo ya kaɗe ganyensa kamar yadda ya saba in ruwa ya sauka, ɗorawa da kuka da tsamiya kuwa kowace da mai ita. Gona na jingine da gona, gida na hango gida. Tun kafin zuwan Turawa jakuna ke fito da taki a mangala daga birni zuwa gonakin kewaye, su koma da itace da hatsi, shi ya sa ake noma su shekara da shekaru ba hutu. Michael Mortimore, Baturen da ya daɗe yana nazarin karkarar Kano, ya sa yankin cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a wannan sashe na Afirka.

Abin da ƙasar ba ta da shi shi ne babban ruwa. Tomas da Gari da Jakara da Watari rafukan damina ne, da rani sai yashi, sai an tona kafin a cika tulu. Madatsun da ake kamun kifi a cikinsu yau daga shekarun 1970 aka fara gina su. Mutumin Makoɗa ko Kunchi ko Bichi na shekarun 1930 ya san rijiya, ya san kududdufin bayan gari inda ake ɗibar ƙasar gini, ya san tafkin da ke ƙafewa kafin bazara. Ruwan da za a tsaya a bakinsa a kasa hango ƙetarensa kuwa, sai dai a bakin malamai. Amma daga cikin irin waɗannan mutane aka yi ta samun masu ɗaura guzuri su nufi gabas a ƙafa, kuma ƙarshen tafiyar da yawansu kwanaki ne a cikin jirgin katako marar inji, iska kawai ke tura shi tsakanin tsibirai da duwatsun murjani na Bahar Maliya. Larabawa na ce masa sambuk.

Dalilin fita na farko addini ne, kuma tushensa na cikin littattafan da ake karantawa a zaure. A mazhabar Malikiyya ikon zuwa Hajji ba dole sai da raƙumi da tarin dukiya ba. Namiji mai lafiyar da zai iya takawa, kuma yana da sana'ar da za ta ci da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu iko matuƙar hanyar na da aminci. Wannan hukunci ya buɗe ƙofar Makka ga wanzami da maɗinki da majemi da mai yankan farce, har da wanda bai mallaki komai ba sai ƙarfin riƙe fartanya.

Sai zamani ya ƙara nasa. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Hanyar gabas ta ƙara zama mai masauki, kusan duk inda matafiyi ya yada zango zai tarar da mai jin Hausa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da sunan Kakalaba, ta tayar da wasu, haraji da ƙarancin gona suka tayar da wasu. A ƙasar da gandu ɗaya ke rabuwa tsakanin 'ya'ya maza biyar, ƙaramin ɗan da ya saba cin rani bai ga abin tsoro ba a tsawaita cin ranin nasa zuwa gabas.

Bayan kaka ake tashi, rumbu ya cika, hanya ta bushe. Mai niyya zai biya bashi, ya jinginar da gonarsa ko ya damƙa ta hannun ɗan'uwa, ya yi wasiyya gaban liman, sannan ya bi gida-gida neman gafara. "Yaya, in na taɓa saɓa maka ka yafe mini." "Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya kai ku lafiya, a sa mu a addu'a." Da yawa da matansu da 'ya'yansu suke tafiya, jaki ɗaya ko biyu na ɗauke da tsaba da tukunya da buzu da allo. Ana raka su har bayan gari ana share hawaye, don kowa ya san mai tafiya Makka a wancan zamani yana iya dawowa bayan shekara biyar ko goma, yana kuma iya zama tafiyar ke nan.

Daga Kano zuwa bakin Bahar Maliya ya haura kilomita 3,000 ko a miƙe aka auna, hanyar ƙafa kuwa ba ta miƙewa. Ana bi ta Yarwa, a ƙetare kogi a Kusuri zuwa Fort Lamy, wato Injamena ta yau, a wuce Ati da Abeche, a shiga Darfur ta Jinaina, sai Fashir, sai Nahud, sai Ubayyid inda dogon Sudan ya iso tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba a yin ta a jere. In damina ta riski ayari sai a tsaya a yi noma a gonar aro, in kuɗi ya ƙare a yi dako ko ga-ruwa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka zama babbar tashar neman kuɗin jirgi, hannun da ya saba da cirar gyaɗa kuwa bai sha wuyar tsinkar auduga ba. Mutanen can na kiran baƙin Fallata ko Takarir, inda Hausa ta samo kalmar takari. Naman agashe da ake sayarwa a titunan Khartum har yau, sunansa kaɗai ya isa ya nuna waɗanda suka kai shi. Masu magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, amma a wannan hanya ta hana mutane da yawa. C. Bawa Yamba, wanda littafinsa a kan su ya fito a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen matafiya, an haife su a Sudan, suna noma a Sudan, amma har lokacin suna ɗaukar kansu masu kan hanyar Makka.

Wanda ya dage yakan iso Sawakin, tsohon gari a kan ɗan tsibiri zagayayye kamar faifai, a ƙuryar wani lungun teku, da benayen da aka gina da farin dutsen murjani. Ibn Battuta ya sauka a nan a ƙarni na 14, ya lura cewa ruwan sha ma da jirgi ake kawo shi. Da Turawa suka buɗe tashar Port Sudan a 1909, kimanin kilomita 60 a arewa, fatake suka watse, benaye suka fara zubewa, amma Sawakin ta ci gaba da zama ƙofar mahajjata. Daga nan zuwa Jidda kimanin kilomita 300 ne, tafiyar da ba ta kai ta Kano zuwa Sakkwato ba. Mutumin da ya yi shekaru a hanya yana tsaye yana kallon ruwan da ya rage tsakaninsa da Ka'aba, sai a ce masa ya kawo takardu.

Tun annobar kwalara ta 1865, wadda ta kashe mahajjata kimanin 15,000 ta kuma bi jiragen ruwa har Turai, gwamnatocin Turawa suka zuba wa Hajji ido. A Sawakin sai an nuna fasfo, an yi lamba da allura, an zauna a karantina, an sayi tikitin zuwa da dawowa na jirgin tururi, an kuma biya kuɗaɗen hukuma. Ta fuskar lafiya dokokin na da hujja, ba mai musu. Amma da ma'aunin mai kuɗi a hannu aka tsara su, alhali wannan hanya ta talaka ce mai tara kuɗin gaba da gumin yau. Sai mutane suka shiga satar hanya. Jonathan Miran, wanda ya bi takardun wancan zamani a wani nazari da ya wallafa a 2015, ya nuna yadda daga shekarun 1920 zuwa na 1950 mahajjatan Afirka ta Yamma suka riƙa ratsewa zuwa Eritiriya, wadda ke hannun Italiya har 1941, su gangara Musawwa su yi ciniki da masu sambuk. Dillalai ke haɗa cinikin, a kai mutane wani lungun gaɓa nesa da idon 'yan sanda, su shiga ruwa iya gwiwa ko iya ƙugu da kaya a ka, a jawo su ciki ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko da ke tarbar wanda ya shiga shi ne wari. Ana shafe katakon sambuk da man kifi daga sama, ƙasansa kuma da kitse da farar ƙasa don kada tsutsar ruwa ta huda shi. Tsawonsa da wuya ya wuce mita 20 da 'yan kai, gabansa tsini, bayansa mai faɗi da ɗan dandamalin da rayis, wato shugaban jirgi, da matuƙi ke zama. Katakon jiki, in mai jirgi na da hali, daga Malabar ta Indiya ake kawo shi, haƙarƙarin ciki kuwa na itatuwan gida ne masu lanƙwasa irin su bagaruwa da kurna, waɗanda manomin Kano ya san inuwarsu tun yana yaro. A tsaka akwai ginshiƙi da ya ɗan karkata gaba, an rataya masa doguwar sanda a gicciye wadda kan kai tsawon jirgin kansa, ita ke ɗauke da ƙaton ƙyallen da iska ke bugawa. Babu ɗaki, babu rufi. Kaya ake fara zubawa, buhunan dawa ko fatu ko gawayi, mutane su zauna a kansu. Mata da yara akan ware musu lungu a tare da tabarma ko zane.

Cusa mutane fiye da kima tsohon hali ne a wannan ruwa. Ibn Jubair, malamin Andalus da ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183, ya shiga jirgin da aka ɗinke da igiyar ɓawon kwakwa ba ƙusa ko ɗaya, ya kuma koka da yadda ake lodin mahajjata kamar kaji a akurki don mai jirgi ya fanshe kuɗinsa a sawu ɗaya. Kimanin kwana 8 ya yi a ruwa. Bayan shekara 670, a 1853, matafiyi Richard Burton ya shiga sambuk daga Suwez zuwa Yanbu, mai jirgin ya yi alkawarin mutum 60 amma ya ɗauki 97, suka yi kwana 12. Ƙusa ta maye gurbin igiya a tsakanin waɗannan ƙarnuka, kwaɗayin masu jirgi dai yana nan yadda yake.

Rana na farawa da asuba. Matuƙa kan jeru a kan igiya su ja sandar ƙyallen sama da waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, kamar 'yan gayya a kunya. Mahajjata kuma na zura guga a teku don alwala. Almajirin da ya kai Muwaɗɗa ya san hadisin da ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin mushen cikinsa, amma sai yau ya ɗanɗana shi: yana yaji a ido, yana ɗaci a baki, in ya bushe ya bar fari a fata kamar kanwa, sabulu kuma ba ya kumfa a cikinsa. Akwai wata mas'ala a Muhtasar na Halil da ɗalibai ke wucewa a kan buzu suna ganin ba za ta taɓa shafarsu ba. Ta ce bin teku zuwa Hajji daidai yake da bin tudu, sai fa in halaka ta fi rinjaye, ko kuwa jirin ruwa zai sa mutum ya tozarta wani rukuni na salla. To ga mas'alar nan ta zo da kanta. Ƙaton da ke nome kadada shi kaɗai yana kwance a kan buhu, amai ya galabaitar da shi, bai iya ɗaga kai balle ruku'u. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune. Alƙibla ma ba ta zama wuri ɗaya, duk juyin da jirgi ya yi sai an sake tambayar rayis.

Murhu akwatin katako ne cike da yashi, can wajen goshin jirgi, kuma wuta a cikin jirgin da ya sha mai ba abin wasa ba ce, shi ya sa girki na bin layi, in iska ta tsananta a kashe ta baki ɗaya. Matuƙa na gasa gurasar dawa su ci da kifin da suka kama da ƙugiyar da suke ja a baya, su kora da shayi ko gahawa. Mahajjaci ya fi dogara da abin da ba ya son wuta: garin gero ko na dawa da za a dama, dabino, ƙuli-ƙuli, da abre, busasshiyar wainar dawa mai kaurin takarda da ya koya a Sudan, wadda ake jiƙawa a sha. Mai kilishi yakan gane da wuri cewa ya ɗauko wa kansa ƙishirwa.

Makewayi kuwa wani ɗan akwati ne mai huda da aka rataya a gefen jirgi, yana lilo a kan ruwa, kowa na gani. Ga mutanen da namiji ba ya cin abinci gaban surukinsa, mace ba ta ambatar sunan ɗanta na fari, wannan jarrabawa ce ta daban. Da yawa sukan daure har duhu ya rufe.

Amma ruwan sha ne ke mulkin komai. Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kimanin giram 40 a kowace lita, don zafi na ƙafar da ita kuma babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta. Abin da aka shigo da shi a salka da tulu da gwangwani shi ke nan. Ana auna shi da ƙoƙo, yara da masu shayarwa a gaba. Burckhardt, matafiyin Suwizalan da ya tashi daga Sawakin a watan Yulin 1814 cikin jirgi ɗaya da wasu takari, ya yi kwana goma da ɗoriya kafin Jidda, kuma ƙishirwa na cikin abin da ya fi bayar da labarinsa. In iska ta ɗauke ɗif, ƙyalle ya saki jiki, jirgi ya tsaya cak a kan ruwa mai ƙyalli kamar tasa, zafi na dukan mutum ta sama da ta ƙasa. Ana kafa zannuwa a yi inuwa, hira ta mutu, ba ka jin komai sai carbi da kukan jariri da ƙarar gwangwanin da ake kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Kwarfar nan ba ta tsayawa dare da rana, kuma fasinja mai ƙarfi ba ya jira a roƙe shi.

Abin da ke tsawaita tafiyar shi ne iska. A arewacin Bahar Maliya kusan duk shekara daga arewa take kaɗawa, Jidda kuwa arewa maso gabas take da Sawakin. Sambuk ba ya iya tunkarar iska kai tsaye. Dabarar rayis biyu ce. Ko dai ya lallaɓa arewa ta gefen Afirka, a cikin kwararon da ke tsakanin gaɓa da duwatsun murjani, har wajen tsibirin Mukawwar kamar yadda jirgin Burckhardt ya yi, sannan ya yanka gabas iska na bugunsa ta gefe. Ko kuma ya miƙe gabas ya sauka can kudu da Jidda, a Lis ko Ƙunfuza. Masu tashi daga Musawwa sukan ratsa tsibiran Dahlak, su ƙetare zuwa wajen Farasan da Jizan, su bi gaɓar Larabawa arewa.

A cikin kwararon murjani ido ne jagora. Ibn Battuta ya rubuta cewa ba a tafiyar dare a wannan ruwa saboda duwatsunsa, kuma jagoran jirgi ba ya barin goshi, yana faɗa wa matuƙi inda dutse yake. Launin ruwa ake karantawa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore tudu ya kusa, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne da zai iya farke cikin jirgi. Sai rana ta ɗaga ake gani sosai, in ta yi ƙasa tana haska ido to lokacin neman makwanci ya yi. Manomin da ke duban launin ƙasa ya san jigawa ce ko fadama ba ya rasa gane cewa yana gaban masu irin iliminsa, a wani fagen daban. Matuƙan nan su ma talakawa ne, kason riba suke ci, kuma sun san kowane lungu da sunansa kamar yadda shi ya san iyakar gonakin ƙauyensu.

Da la'asar sakaliya ake shiga marsa, wato lungun da teku ya kutsa cikin gaɓa, ko a fake a bayan tsibiri a jefa anga. Yawancin tsibiran nan shimfiɗaɗɗu ne, farin yashi da ɓaraguzan murjani da 'yan ƙananan ciyayi masu jure gishiri, tsuntsayen ruwa ne masu gari. Inuwa babu, rijiya sai an dace. Tsibiran Dahlak sun haura 100 amma kaɗan ne ke da mutane, masunta da masu nutson lu'ulu'u, a babban cikinsu kuma akwai tsofaffin ramukan tara ruwan sama da aka sassaƙa a dutse. Duk da haka saukar da aka yi a irin wannan wuri rahama ce. Ƙafa ta taka abin da ba ya motsi, ko da yake jiri kan bi mutum har kan yashi. Ana tsintar itacen da ruwa ya kawo, a hura wuta ba fargaba, mata su dafa abu mai zafi, yara su tsinci ƙwarya-ƙwaryar dodon koɗi masu launi. Maza su ja sahu, malamin ayari ya shige gaba, a yi magariba da tsayuwa da ruku'u da sujada cikakku. In an yi rashi a ranar, a nan ake sutura, a jera duwatsu a kan kabari, gobe da asuba a tashi a bar shi.

Tsakiyar teku ce ba ta da makwanci. Zurfinta ya wuce mita 2,000, anga ba ta da abin kamawa, dole a kwana ana tafiya. Rayis na duban tauraron arewa, mahajjaci kuma na ganin taurarin da ya sani daga tsakar gidansu, kaza da 'ya'yanta, da gamzaki gab da asuba, su kaɗai ne ba baƙi ba a wurin. Wani daren ruwan da jirgi ya keta yakan yi walƙiya kamar an watsa garwashi mai shuɗi, aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. In iska ta taso, raƙuman ruwa na faɗowa ciki, kowa ya jiƙe, salati ya kaure.

Hatsarin ɗan Adam ya fi na ruwa ciwo. Mai satar hanya ba shi da takarda, ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, in an cuce shi ba shi da wurin kai ƙara. Masu jirgi sukan sauke mutane a gaɓar da ba kowa, nesa da gari, don gudun jami'ai. Kuma cinikin bayi bai mutu ba a ƙasar Larabawa a lokacin, yara da mata na takari na cikin waɗanda aka fi yi wa tarko. Gwamnatin Najeriya ta mulkin mallaka ta aika jami'inta G. J. Lethem a tsakiyar shekarun 1920 ya bi hanyar daga Borno har Jidda ya ga halin da mutanenta ke ciki. Yarjejeniyar Jidda ta 1927 ta bar wa ofishin jakadancin Ingila ikon 'yanta bawan da ya gudo wurinsa, ikon da aka janye a 1936, kuma sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta baki ɗaya. Abin takaici ne yadda labarin waɗanda suka ɓace ta wannan hanya bai samu shiga littattafan makaranta ba, alhali akwai gidaje a karkarar Kano da suka yi shekaru suna jiran wanda ba zai dawo ba.

Wanda Allah ya fid da shi a Lis ko Ƙunfuza sai ya sake ɗaura takalmi. Yakan bi rairayin Tihama arewa, ya ɗaura harami a Yalamlam, miƙatin masu zuwa daga kudu, ya shiga Makka a ƙafa kamar yadda ya bar ƙauyensu. Wasu sun zauna, zuriyarsu na nan a unguwanni irin su Shara Mansur da mahajjatan yau ke zuwa cin tuwo. Wasu sun sake shekaru suna neman kuɗin komowa, suka iso gida da furfura da 'yan gwangwanayen Zamzam da Larabcin Sudan a baka, aka fito tarbarsu tun daga nesa, kowa na son taɓa hannun da ya taɓa Ka'aba.

Manya sun daɗe da samun wata hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi a 1921 ta jirgin tururi daga Ikko, ya biya ta Ingila. Ta talaka ce ta jima ba ta sake ba, sai da mota ta shigo. A 1948 attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar mahajjata na WAPA, wanda sunansa ya bi wata unguwa a Fagge har yau. Motoci suka mayar da tafiyar shekaru ta watanni, a shekarun 1950 kuma jirgin sama ya fara ɗibar mahajjata daga filin Kano. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa. Duk da haka J. S. Birks, wanda ya bi sawun masu tafiyar ƙasa a farkon shekarun 1970, ya tarar da su suna nan suna ratsa Chadi da Darfur da iyalansu.

A Sawakin an buɗe sabuwar tasha a 1991, manyan jiragen fasinja na kai mutane Jidda cikin dare ɗaya ko abin da ya ɗan fi haka. Benayen murjani na tsibirin galibi sun zama tarin duwatsu. A bakin gaɓa masassaƙa sun ci gaba da kafa haƙarƙarin jiragen katako a kan yashi, da gizago da zarto, sai dai yanzu sukan bar gurbin inji a baya.